Ku da Ba Kwa Kallon Dirama, Wa Ya Koya Muku Jera Kwando?

Ya ku mutanen Kura da Bunkure, da na Kadawa da Garun Malam, masu tumatir da albasa da shinkafa. Bazazzagi ne ke magana, don haka kada kowa ya ɗaure fuska. Wasan da ke tsakaninmu da Kanawa gado ne, ba ni na fara ba, kuma ba a kai shi gaban alƙali.

Maganar da na kawo muku ita ce, babu abin da ya kai wasan kwaikwayo iya nuna tazarar da ke tsakanin mutumin da ake gani a zaure da wanda ke kwana a ƙuryar ɗaki. Na kuma san amsoshinku tun kafin ku buɗe baki. Alhaji mai injin casar shinkafa zai ce dirama ƙarya ce tsagwaronta, sana'ar waɗanda ba su da gona. Malam zai gyara zama ya ce tonon asiri ne, a bar kaza cikin gashinta. Hajiya mai turara shanshera za ta ce ita dai dariya take kallo, kada a ɗora mata karatun da ba ta nema ba. Wani saurayi kuma daga bakin kanal zai ɗaga murya ya ce su mutanen karkara ne, abin da ke cikinsu shi ne a bakinsu, fuska biyu sai 'yan birni. To madalla. Ku matso, kowa zai sami rabonsa.

Alhaji, da kai zan fara, tunda kai ne babba. Ka ce ba ka kallon ƙarya. Mu je Kwanar Gafan da hantsi a tsakiyar kakar tumatir, mu tsaya gefe. Ga manomi ya sauke kwandunansa. Ya san abin da ya baro a gida: kuɗin taki na bashi, 'yan tsinka suna jiran haƙƙinsu, mai motar da ya ɗauko kayan yana tsaye yana kaɗa makulli. Ya kuma san kayan gwari ba sa jiran kowa, in rana ta yi tsaka tumatir zai fara sakin ruwa. Amma dube shi. Ya harɗe ƙafa, ya tura hula gaba, yana sakace kamar wanda ya zo shan iska. Ga dillali can yana tafe. Tun asuba ake kiransa a waya daga Legas, dole mota ta cika kafin la'asar. Shi ma dube shi. Ya wuce kwandunan kamar bai gan su ba, ya dawo, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matsa, ya yi tsaki, ya ce kasuwa ta faɗi a Kudu, tausayi ne kawai ya sa zai taya. Ya taya. Manomi ko kallonsa bai yi ba ya ce albarka. Dillali ya juya ya yi taku uku, yana addu'a a zuci a kira shi. Manomi yana kallon ƙeyarsa, yana addu'a a zuci ya waiwayo. Alhaji, don Allah wane darakta ne ya koya musu wannan? Kuma kai da kanka, ranar da aka kawo maka buhunan shanshera kana matuƙar buƙata, ba ka tauna ƙwaya ɗaya ka yatsine fuska ka ce ba ta bushe ba?

Sai kuma kwandon kansa. Manya jajaye masu sheƙi a sama, ƙanana da masu tabo a ƙasa. Kowa ya san haka ake jerawa, mai saye ma ya sani, shi ya sa yake cusa hannu ta gefe. Mutum ma haka yake fitowa daga gida da safe, ya jera na kirki a sama. Abin da dirama ke yi bai wuce ta juye kwandon a kan tabarma a gaban jama'a ba. A kasuwa rabin labari kake ji, domin ba ka da hanyar shiga cikin dillali. A wasa kuwa an ba ka kujera biyu a lokaci ɗaya: kana jin abin da mutum ya faɗa, kana kuma jin abin da ya haɗiye. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai wasan kwaikwayo ya ce to, amma a tambaye ta sau biyu, da baƙo a zaure da kuma bayan baƙon ya fita.

Kada wani ya ce Turawa ne ko Indiyawa suka kawo mana wannan. Tun kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, tun kafin ruwa ya biyo kanal ya mai da rani kaka a ƙasarku, yaranku suna wannan aiki duk shekara. Idan azumi ya kwana goma, 'yan tashe su fito. Ku tuna yaron nan da ake manna wa gemun auduga, a naɗa masa rawani, a ba shi allo da carbi. Abokansa suna zarginsa da taka rawa, shi kuma yana musantawa da iyakar gaskiyarsa, alhali ƙugunsa da kafaɗunsa ba su daina motsi ba. Baki yana cewa a'a, jiki yana cewa e. Duk abin da manyan marubutan duniya suka cika littattafai da shi a kan wannan batu, ga shi nan a jikin yaro ɗan shekara goma a ƙofar gidanku. Kuma Malam, Allah gafarta, kai ma ka yi dariya, har ka aika a ba su sadakar hatsi. Haka 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar muryar wa'azi da natsuwar masu karatu, amma in ka kasa kunne sai ka ji duk bayanin a kan tuwo da miya da nama ne. Murya ta lahira, zance na tukunya. Kakanninmu ba su kore su daga gari ba, kyauta suke ba su, don sun san da wasa ake gaya wa wawa gaskiya.

Da wasa ya shiga takarda, bai canza hali ba. Waɗanda suka yi sakandare za su tuna Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fito a 1960. Malam Jatau mutum ne mai rufin asiri da iyali, ya faɗa hannun Kyallu. Daɗin wasan ba wai a ƙarshe aka gane halinta ba. Mai karatu ya gane tun da wuri, domin an bar shi ya ji yadda take magana in Jatau yana nan da yadda take yi in ya ba da baya. Jatau kaɗai ne bai sani ba, kai kuma kana zaune kana cizon yatsa kamar ka shiga cikin littafin ka ja masa kunne. A Uwar Gulma ta Mohammed Sada, ta 1968, dabarar ta ɗan bambanta: an ajiye wata a gefe, aikinta ta riƙa sharhi a kan abin da ke gudana tsakanin Hayatu da matarsa Halima, ta faɗi abin da mutanen gida ke rufewa. Wato marubucin ya ɗauko maƙwabciyar nan da kowace unguwa ke da ita, wadda ke jin komai ta kan katanga, ya ba ta lasisi.

Wasu ƙasashen ma da wannan ƙaiƙayi suke kwana. A Faransa, a 1664, Molière ya fito da wasan Tartuffe, labarin wani mayaudari da ya shiga gidan attajiri Orgon da rigar tsoron Allah, har maigidan ya fifita shi a kan 'ya'yan cikinsa. Kowa a gidan ya gane shi ban da maigida da mahaifiyarsa. Ƙarshe matar gidan, Elmire, ta sa mijinta ya ɓuya a ƙarƙashin tebur, ta kira baƙon ta bar shi ya saki baki. Abin da shekara guda ta nasiha ba ta yi ba, 'yan mintoci a ƙarƙashin tebur suka yi. Manyan coci suka fusata, Sarki Louis na 14 ya hana nuna wasan a bainar jama'a, sai a 1669 aka sake shi. A nan gida kuma Wole Soyinka ya kawo Brother Jero a 1960, wani mai da'awar annabta a bakin teku a Legas. Shi wannan ba ya ma jiran a ɓuya a saurare shi. Juyowa yake ya fuskanci 'yan kallo ya gaya musu cewa mabiyansa abokan ciniki ne, kuma da gangan yake barin su cikin buƙata don kada su gudu. Akwai almajirinsa Chume da ya daɗe yana neman izinin dukan matarsa, Jero yana hana shi da sunan addini. Ranar da Jero ya gano matar ita ce mai bin sa bashin mayafinsa, nan take izini ya sauko. Hukuncin bai canza don an sami sabon dalili daga sama ba, bashi ne ya taso daga ƙasa.

Hajiya, na dawo kanki. Kin ce dariya kawai kike kallo. To me ke ba ki dariya a shirin Gidan Badamasi? Ga tsoho mai dukiya da maƙo, ga tarin 'ya'ya suna durƙuso suna yi masa fatan tsawon rai, alhali ke da kike kallo kin san lissafin da kowannensu ke bugawa. Da a ce da gaske suke, da babu abin dariya ko kaɗan, sai ki kashe talabijin ki koma wajen tukunya. Dariyar tana zaune ne daidai a ramin da ke tsakanin gaisuwar da lissafin. Haka Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara a 2019: Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, yana da muryar da yake yi wa talakawan Alfawa jawabi, yana da wadda yake magana da yaransa in an rufe ƙofa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran ɗan takara ya zo ya yi alkawarin taki da gyaran hanya bai buƙatar a fassara masa. Kin ɗauki karatun tuni, Hajiya, kuɗin makaranta ne kawai kike gudu.

Yanzu Malam, ga taka. Ka ce tonon asiri ne, kuma ba zan ce ba ka da hujja ko ɗaya ba. Akwai finafinan da babu komai a cikinsu sai shirme da tallan atamfa, akwai waɗanda ke jefa mutanen kirki da ɓata-gari a buhu ɗaya. Muryarku kuma tana da nauyi, mun gani. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim nan kusa da ku, a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka tashi tsaye a kan mumbari, aka janye shirin. Amma ka lura da abu ɗaya. Wasa bai taɓa kiran sunan kowa ba. Ya ce wani malami, wani alhaji, wani ɗan siyasa, a wani gari da babu shi a taswira. Asirin wa aka tona? In mutum ya fito daga kallo yana huci yana cewa da shi ake, to ba marubuci ne ya nuna shi ba, shi ya ɗaga hannu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Malamin da ke karantarwa don Allah kuwa, wasan ma taimakonsa yake yi, don yana koya wa jama'a bambance shi da mai sayar da gemu.

Amma tsaya, kada Alhaji ya tafi da tunanin cewa duk wanda ya rufe cikinsa munafuki ne. Nan ne ma maganar ta fi daɗi, kuma nan ne saurayin bakin kanal zai sha kashi. Kai da ka ce abin da ke cikinka shi ne a bakinka, in kai ɗan fari ne, sau nawa ka ji mahaifiyarka ta kira sunanka? A gidaje da yawa har gobe ba ta yi. Ta ce wannan, ta ce yaron nan, ta kau da kai in ana yabonka. Baƙon da bai san al'ada ba zai rantse ba ta ƙaunarka. Amma wa ke tashi tsakar dare in ka yi zazzaɓi? Wannan ma rufi ne, sai dai sunansa kunya. Ku tuna 2016, shekarar da aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, shekarar da kuma tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir ta cinye gonaki. Magidanci ya tsaya a gonarsa ya ga ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, jarin shekara ya tafi. Ya dawo gida, ya wanke ƙafa, ya saka riga mai guga, ya fito masallaci. Aka ce yaya gona? Ya ce alhamdu lillahi. Ya shiga gida ya yi wa yara wasa don kada uwarsu ta gane zurfin ramin. Wa zai kira wannan ƙarya? Wannan shi ne haƙuri, shi ne mutunci, da shi gari ke zaune lafiya.

Ku mutanen Kura ma kun fi kowa sanin darajar rufi. Tun ƙarnonin baya marinanku da masu bugu suke fitar da baƙin yadin nan mai ƙyalli, ɗan Kura, wanda Abzinawa ke tsallako Sahara su saya su yi amawali. Ba'abzine kuwa ba don ya cuci kowa yake rufe bakinsa ba. Gaban surukinsa da manyansa ma ya fi jan amawalin sama, don girmamawa. Kun shekara aru-aru kuna sayar wa duniya abin rufe fuska, yau kuma ku ce ba ku san zancen ba?

Saboda haka rufi iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke yi don ya kare wasu daga nauyin da ke cikinsa, akwai wanda yake yi don ya kai hannu aljihunsu. Daga waje kamarsu ɗaya: murmushi ɗaya, sallama ɗaya, alhamdu lillahi ɗaya. A zaure ba za ka iya bambance su ba sai bayan an cuce ka, ko bayan mutumin kirkin ya mutu an buɗe littafin bashinsa. Wasa mai kyau shi ne wurin da ake koyon bambancewa ba tare da an yi asarar ko sisi ba. Ga misali, kyamara ta bi uwa bayan ɗanta ya yi sallama ya kama hanyar Legas a saman motar tumatir. A gabansa cewa ta yi Allah ya kiyaye, a taƙaice, tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba. Da ya fita sai hannun ya tsaya a cikin faifai. Ba a ce komai ba, amma an gama magana.

Har waƙoƙin nan na cikin finafinai da kuke zagi, ku sake dubawa. Gaskiya ne daga finafinan Indiya aka aro su, waɗanda aka daɗe ana nunawa a silimun Kano tun kafin a yi fim ɗin Hausa na Turmin Danya a 1990. Gaskiya ne kuma wasu an cusa su ne kawai don kasuwa. Amma me ya sa suka kama ƙasa a nan? Ku dubi zance irin namu. Saurayi ya zo, yarinya ta fito ta tsaya nesa, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ya yi ta zuba, amsarta ba ta wuce to da uhm. In aka tsaya a nan, ɗan kallo zai ce ba ta so. Sai a yanke, a nuna su a lambu ana rera abin da bakinta ba zai taɓa iya furtawa a ƙofar gidan ubanta ba. Waƙar zancen zuci ce aka sa mata kiɗa. Kuna iya cewa rawar ta yi yawa, ni ma wani lokacin haka nake cewa, amma kada ku ce ba ta da aikin yi.

'Yan fim kuma kada ku yi saurin tafi, ban manta da ku ba. Laifinku shi ne kun raina mana wayo. Mugu a fim ɗinku tun daga nesa ake gane shi: jajayen idanu, dariyar ƙeta, ga wani kiɗa mai ban tsoro duk inda ya sa ƙafa. Da ma haka yake a duniya, da babu wanda aka taɓa cinye wa gado. Mugun gaske ba ya zuwa da kiɗa. Shi ne ke fara zuwa gaisuwar mutuwa, shi ne ke riƙe maka buta. Sannan kun cika son zancen zuci mai tsawo, mutum ya zauna a gefen gado yana karanta mana duk shirinsa kamar mai ba da rahoto. Ku koma ku kalli yaron tashe. Bai ce mana komai game da zuciyarsa ba, ƙugunsa ne ya ba da shaida. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya san wannan sirri. Sai ya cika baki da jarumtaka, idanunsa kuma suna neman hanyar gudu. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shahara, ya ga isassun fuskoki masu rantsuwa.

To tunda kun ce abin da ake nunawa ba rayuwarku ba ce, ga shawara. Mu shirya namu, a nan bakin kanal, ba sai an je Kano ba. Labarin mai sauƙi ne. Rani ya tsananta, ruwa ya yi ƙaranci, an raba kwanaki tsakanin na sama da na ƙasa. Kullum aka wayi gari sai a tarar wani ya buɗe ruwa cikin dare ya juya shi gonarsa, na ƙarshen layi kuma alkamarsu tana bushewa. Aka kira taron manoma. Wanda ya fi kowa kumfar baki, ya ce a kafa 'yan sintiri, a ci tarar ɓarawo buhun taki, har ya yi tayin shugabantar kwamitin, shi ne wanda laka ba ta gama bushewa a bakin wandonsa ba. A gefe kuma ga wani dattijo da ya gan shi da idonsa a daren, amma ya yi shiru, saboda 'yarsa tana aure a gidan. Ga rufi biyu a tabarma ɗaya, sai 'yan kallo su yanke wanne ne ya fi cutar da na ƙarshen layi.

Saura rabon matsayi. Alhaji, kai ne shugaban kwamiti, ba sai ka yi atisaye ba, yadda kake tauna shanshera ya isa. Malam zai buɗe taro da addu'a, kuma mun yi alkawari kyamara ba za ta leƙa ƙafarsa ba ko da an saki kiɗa. Hajiya ce mai sharhi ta kan katanga. Saurayin da ba shi da fuska biyu zai fito a ɗan sintirin da aka toshe wa baki da kuɗin cefane. Wanda duk ya fi kowa rantsuwa cewa shi ba zai shiga wannan shirme ba, a rubuta sunansa, shi ne jarumin fim ɗin. Ni kuwa Bazazzagi zan riƙe asusun kuɗin shiga, tunda an san mu da amana. Na ji wani ya yi tari daga baya. A ba shi ruwa, in kwanan layinsu ne.